Malam Mudi a Shagon Ɗan Fari

Duk wanda ya taɓa zuwa neman taki ko iri a ofishin ƙungiyar manoma da ke bayan kasuwar Tudun Wada, ko bai san sunan Malam Mudi ba, ya san ƙarar hannunsa. Tun daga bakin titi ake jiyo tafiretarsa, ƙwas-ƙwas-ƙwas ba hutawa, sai 'yar ƙararrawar nan ta ƙarshen layi ta ce ƙil, ya turo kan injin da bayan hannu ya ci gaba. Dogo ne siriri, mai 'yar furfura a gemu, ba ya dariya da haƙora a waje. Bafulatani ne daga rugagen gindin duwatsun Doguwa, amma makarantar boko ta ɗauke shi daga bayan shanu tun yana ƙarami, ba ta kuma mayar da shi ba. 'Yan'uwansa suka gaji garke, shi ya tashi da yatsu goma da kujerar katako. Ba shi da gona, ba shi da ko ɗan maraƙi. Abin da tafireta ta kawo shi ake ɗorawa a murhu, a gidan haya mai ɗaki biyu da yake zaune da matarsa Hasana da 'yan matansu.

Mutum ne mai tattalin kayan aiki har abin ya so ya yi yawa. Kowace Juma'a da safe sai ya shimfiɗa tsumma, ya wanke haruffan tafireta da tsohon burushi da kananzir, sannan ya ɗauko gwangwanin man keken ɗinki mai dogon bakin ƙarfe, yana ɗiga man yana danna haruffa. A wajensa inji ba ya karɓar mai sai yana motsi. Haka malaminsa ya koya masa a Zariya, haka kuma ya yi shekara da shekaru, tafiretar ba ta taɓa kwana a wajen mai gyara ba.

Akwai abu ɗaya da ba ya shiga bakin Malam Mudi, shi ne sunan ɗansa na fari. Ni dai zan faɗa, tunda ba ni na haife shi ba: Zailani. Kunyar ɗan fari ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan, amma gidan su Malam Mudi sun riƙe ta da hannu biyu. Ana yaye yaron aka kai shi Kiru wurin yayan Malam Mudi, can ya girma. In ya zo gaisuwa da salla, sai ya durƙusa daga bakin zaure, uban ya amsa yana duban bango, shi ke nan an gama. Bai taɓa ɗaukarsa ba, bai taɓa cin abinci a kwano ɗaya da shi ba, bai taɓa ce masa "kai" ba. In magana ta kama dole, sai ya ce "mutumin Kiru". Kada wani ya ce ƙiyayya ce. Wallahi yana son yaron, son da ba shi da ƙofar fita, sai ya tsaya masa a ƙirji.

A Kwanar Dangora akwai shagon wani Inyamuri, Oga Nduka, mai sayar da rediyo da batir da kaset da eriyar talabijin. A wurinsa Malam Mudi yake sayen ribon ɗin tafireta da takardar kabon, su zauna a benci su sha hira. Da Zailani ya gama sakandare, baffansa ya kai shi shagon koyon gyara. Oga Nduka ya daɗe a ƙasar Hausa har ya fi wasu 'yan gari sanin ya-kamata. Da ya hango Malam Mudi yana saukowa daga mota, sai ya ƙirƙiri aike ya tura Zailani Bebeji ko Bagauda, ba ya dawowa sai uban ya tafi. Daga baya shagon ya fara kawo kayan kwamfuta na hannu daga Legas, don makarantu da ofisoshin yankin sun fara samun injinan. Sai tsufa ya kama Oga Nduka, ya ce zai koma garinsu. Ya sayar wa Zailani shagon, baffansa ya kaɗar da shanu ya cika masa. Tun daga ranar Malam Mudi bai sake taka wurin ba. Ribon ma sai ya ba direba saƙo daga Kano.

A shekarar 1997 wani shirin tallafa wa manoma ya ba ƙungiyar kwamfuta guda. Manajan ofishin, wani matashi mai suna Dikko, tun ranar da aka sauke ta ya fara waƙar cewa aikin yanzu na masu satifiket ne. Dattawan kwamiti suka ce a'a, a bar Malam Mudi ya gwada. Ya kuwa gwada. Ya koyi kunnawa da kashewa, ya koyi ajiye aiki, ya koyi sassauta hannu don kada ya fasa madannan. Amma ya san zamansa na jeka-na-yi-ka ne, kuskure ɗaya Manaja yake jira.

Wata Alhamis Manaja ya tafi taro Kaduna, ya ce sai Litinin. Kwamfutar kuwa ta kwana biyu tana wani kuka daga ciki, ƙii-ƙii, kamar tsohuwar ƙofa. Kukan nan ya hana Malam Mudi sakat. A duniyarsa inji ba ya kuka sai in mai shi malalaci ne. Da safiyar Juma'a ya shimfiɗa tsummansa, ya kwance murfin gefe, ya ga 'yar fanka tana juyawa, ita ce mai kukan. Ya bar injin a kunne, don ta yaya zai san man ya shiga in ba ta motsi? Ya zura dogon bakin gwangwanin. Ɗigo na farko kukan ya ragu, har ya ji daɗi. Ya ƙara zurawa don ya kai can baya, bakin ƙarfen ya goga a jikin wani koren allo da ke cikin injin. Sai wani ɗan tartsatsi, tas, da wari kamar an ƙona roba. Gilashin kwamfutar ya yi baƙi.

Ya kashe ya kunna. Ya canza soket. Ya yi addu'ar da ya sani ya tofa. Shiru. A masallacin Juma'a ranar bai ji ko kalma ɗaya ta huɗuba ba.

Da ya koma gida ya zauna ya yi ta saƙa da warwara. A ganinsa fankar ce ta mutu, in aka sami wata aka sa, Manaja ba zai taɓa sani ba. To, ina ake samun fanka? Kano akwai, amma dattijo ya ɗauko kwamfuta mai tambarin ofis a buhu ranar da ba aiki, ya bi shingayen hanya da ita, in aka ce buɗe, me zai ce? Kuma bai san kowa a Sabon Gari ba. Shago ɗaya ne tsakanin Doguwa da Kano da yake da irin kayan, kuma ya san mai shi.

Hasana ta ga ya kasa cin tuwo. Da ya gaya mata, ba ta yi salati ba, ba ta yi faɗa ba. Ta ɗauko wankakken buhun taki da tsohon zaninta ta ajiye masa, ta ce tana duban murhu, "Ai akwai mutane a Kwana." Ita ma iyakar abin da bakinta zai iya faɗa ke nan.

Da hantsin Asabar ya sauka a Kwanar Dangora da buhu a kafaɗa. Garin na nan yadda ya san shi, tireloli sun yi layi, masu rake da masu tsire suna bin motoci. Shagon ne ya canza. An yi masa shuɗin fenti, an sa kwabar gilashi a gaba, bencin da suke zama da Oga Nduka babu shi. Malam Mudi bai iya tsallaka titin ba. Ya zauna a teburin mai shayi da ke fuskantar shagon, ya sa buhun tsakanin ƙafafunsa, ya karɓi shayin da bai sha ba. Daga nan yana hango mutane suna shiga da takardu a hannu suna fitowa da su an buga: mai katin biki, malamin makaranta da tambayoyin jarrabawa, ɗan kwangila. Akwai kwamfuta a kan tebur can ciki, wani mai farar riga yana zaune gabanta. Malam Mudi ya kawar da kai.

Kusa da shi wani tsohon makiyayi ne yake shan shayi, da malafa da sanda, rediyo rataye a wuyansa an ɗaure murfin batir ɗin da roba. Suka gaisa da Fulatanci, ya ce sunansa Buba, daga wajen Falgore yake, rediyon ya kawo a duba masa. Malam Mudi ya ga dama ta samu.

"Baffa, don Allah in ka shiga ka sayo mini fanka. Ka ce 'yar ƙarama, ta cikin kwamfuta."

Buba ya dube shi, ya dubi ƙafafunsa lafiyayyu. Ya tsallaka. Malam Mudi ya bi shi da ido kamar yaron da ya aika a sato masa mangwaro. Ba a jima ba tsohon ya dawo hannu wofi.

"Mai shago ya ce shi ba ya sayar da kayan kwamfuta sai ya ga injin. Ya ce a zamanin maigidansa ana saye a tafi a ƙona a dawo ana rigima, shi ya hana." Buba ya gyara malafa. "Kuma ya ce a gaya wa mai buhun akwai inuwa a ciki. Tun saukarsa daga mota ya gan shi."

Malam Mudi ya ji kamar an tuɓe masa riga a kasuwa. Ya duba hanyar Tudun Wada, akwai mota tana lodi. Ya tuna fuskar Manaja, ya tuna 'yan matansa. Ya sunkuci buhun.

Yana shiga Zailani ya taso daga kujera ya zube ƙasa, kansa a sunkuye. "Barka da hantsi, Malam. An zo lafiya?"

"Lafiya," in ji Malam Mudi, yana karanta kwalin batir da ke kan kanta kamar bai taɓa ganin batir ba.

Buba ya dubi wannan, ya dubi wancan. Tsohon da ya haifi nasa ɗan farin ba ya buƙatar bayani. Ya jawo wani kwali ya zauna a tsakaninsu, ya jingine sandarsa, ya ce, "To, bismilla. Me za a gaya wa mai shago?"

"A ce masa fanka ake so."

"Ya ce fanka yake so."

Zailani ya sallami mutanen da ke jira, ya ce su dawo da la'asar. Ya kwance buhun, ya ware zanin. Hannunsa ya ɗan tsaya a kan zanin, ya san na waye, sannan ya ninke shi da kyau ya ajiye a gefe. Yana cire murfin, warin ƙuna da warin man keke suka cika shagon. Ya sa yatsa ya shafo, ya duba.

"Baffa, a tambayi Malam, wani ne ya taɓa ta?"

Ga ƙofar ƙarya a buɗe. Akwai masinja a ofis, akwai mai shara, akwai wutar lantarki da kowa ke ɗora wa laifi. Malam Mudi ya dubi Buba.

"A ce masa ba kowa. Mai ita ne."

"A kunne take lokacin?"

"A kunne."

"Da me aka zuba man?"

Malam Mudi ya zura hannu a aljihu ya fito da gwangwanin ya ɗora a kan kanta. Bakin ƙarfen ya yi baƙi a tsini. Buba ya buɗe baki zai yi dariya, don ko shi da bai san kwamfuta ba ya gane an yi aika-aika, amma da ya ga wuyan dattijon yana zufa sai ya mayar da ita tari. Zailani kuwa ko murmushi bai yi ba. Da ya yi dariyar ma da ta fi wa Malam Mudi sauƙi.

Zailani ya haɗa fankar da wata waya, ta juya lafiya lau, ba ko kuka. "A gaya wa Malam fankarsa ba abin da ya same ta. Man ma ya yi mata amfani. Babban allon ne ya ƙone, wanda komai ke hawa kansa."

Buba ya juya ya maimaita, ko da yake tsakanin uban da ɗan bai kai tsawon tabarma ba.

"A tambaye shi ko akwai na sayarwa," in ji Malam Mudi.

Zailani ya hau kan kujera ya fara sauko da kwalaye daga saman kanta, ragowar kayan Oga Nduka. Ya fito da allo ɗaya, ya gwada, ramukan ƙusoshin ba su dace ba. Ya fito da wani, ya dace, ya zauna ya yi ta haɗa wayoyi. Malam Mudi yana tsaye, an ba shi kujera ya ƙi. Ba ya duban mai aikin, hannuwan kawai yake kallo ta wutsiyar ido, dogayen yatsu masu saurin tsiya. Aka danna makunni. Fanka ta juya, wata 'yar fitila ta kawo, ransa ya dawo har ya ce alhamdu lillahi a fili. Sai injin ya yi ƙara sau da yawa a jere, gilashi bai nuna komai ba. Zailani ya kashe, ya cire, ya sake zama, ya sake kunnawa. Haka dai.

"Wannan ma matacce ne, Baffa. Shi ne na ƙarshe. Irin nata sai Legas, kuma mai kawo mini kaya sai wata mai kamawa."

Buba bai maimaita wannan ba, ya ga ba sai ya maimaita ba.

Aka kira azahar. Suka fita tare, amma Zailani ya tsaya a sahun baya. Bayan sallama Buba ya riƙo hannun Malam Mudi a ƙofar masallaci ya ce motar ƙauyensu ta cika, in ya rasa ta sai gobe, rediyon ma ya bar shi sai wani zuwan. Malam Mudi ya so ya roƙe shi ya ƙara ko ɗan lokaci, amma da wane baki? Ya yi masa godiya, ya tsaya yana kallon malafar har ta shige mota. Sannan ya koma ɗaukar gawar injinsa.

Ya tarar Zailani ya riga shi. Ya turo ƙofar shagon ya bar ta a ɗan buɗe, ya sauko da kwamfutarsa ta kan tebur, wadda mutane ke layi dominta tun safe, ya kwantar da ita kusa da ta ofis. Sukundireba na hannunsa. Bai juyo ba, ya yi magana yana fuskantar kanta, kamar da kwalayen batir yake.

"Wannan irinsu ɗaya da waccan. In aka cire allonta aka sa a can, babu wanda zai gane. Kafin la'asar an gama."

Malam Mudi ya tsaya cak. Ya fahimta sarai. Litinin zai shiga ofis ya danna makunni, gilashi ya kawo haske, Manaja ya wuce ofishinsa bai san an yi ba. Tuwon gidansa ya tsira. Daɗin da ya ji a lokacin ba ƙarami ba ne, kuma ba zan ɓoye masa shi ba.

Ƙusa ta farko ta fita, Zailani ya ajiye ta a murfin kwalba.

Sai idon Malam Mudi ya faɗa kan teburin da aka ɗauke injin, ga shatarsa a kan katako, ga takardun mutane an danne da dutse suna jiran la'asar. Ya dubi kantocin. Rabi kwalaye ne babu komai a ciki, an jera su don ido. Wanda ya yi shekaru yana zama a shagon nan ya san yadda yake a cike, ya kuma san rediyo da batir ba su ne ke riƙe da shi yanzu ba. Injin nan shi ne shagon. Shanun yayansa ne a ciki. Matar yaron ma an ce tana da juna biyu.

Wata ƙusar ta fita.

Me ya taɓa ba yaron nan da hannunsa? Ko hular salla sai dai ya ba Hasana, ta ba wani, a kai Kiru a ce daga baffa. Bai kai shi makaranta ba, bai zauna kusa da shi ranar da ƙyanda ta kusa kashe shi ba, yana daga waje yana tambayar masu fitowa. Duk wannan al'ada ce, bai taɓa jin ya yi laifi ba. Amma yau rana ta farko da ya shigo inda yaron yake da ƙafarsa, ya zo ne ya kwashe masa abin da yake ci da shi. Kuma al'adar da ta hana shi bayarwa ita ce za ta rufe masa baki ya karɓa, don ba ya magana da ɗan fari.

Ya waiwaya ƙofa ko Allah zai kawo wani. Babu kowa, rana ta kori mutane. Ya yi gyaran murya. Zailani bai tsaya ba. Ya ce da bango, "A bar shi haka." Muryar ta fito 'yar siririya, sukundireba ta ci gaba da juyawa. Yaron ya ji, amma maganar da aka yi wa bango ana iya ƙin jin ta, kuma ya san haka.

Murfin ya fita. Zailani ya sa hannu zai zare wayar farko.

"Kai nake wa magana. Mayar da shi."

Hannun ya tsaya. Zailani ya ɗago a hankali, karo na farko a rayuwarsu ido ya shiga ido. Malam Mudi ya so ya kawar da kai, wuyansa ya ƙi.

"Malam, korar ka za su yi," in ji Zailani. "Manajanku ya zo nan kwanaki, ya ce in nemo masa yaron da ya iya kwamfuta. Na ce ban san kowa ba."

"Na san yana nema."

"Ni yaro ne, zan jure. Kafin wata biyu na tayar da wata."

"Da me? Da kwalayen nan?"

Zailani ya sunkuyar da kai. "Ban taɓa yi maka komai ba, Malam. Ka bar ni in yi wannan."

Maganar nan ta soki Malam Mudi fiye da duk abin da ya same shi tun jiya. Ya ji hawaye na tahowa, ya danne su da fushi, don shi ne abin da ya fi kusa da hannu.

"Ni na ƙona ta, ni zan kai ta. Ɗaure ƙusoshinka, mutane na zuwa da la'asar."

Bai matsa daga wurin ba sai da ya ga an mayar da murfin, an ɗora injin a kan tebur, an kunna, haske ya kawo. Sannan ya naɗe tasa a zanin Hasana ya sa a buhu. Zailani ya riga shi ɗauka, ya saɓa a kafaɗa ya yi gaba zuwa tasha. Uban ya bi shi a baya, bai hana shi ba. A bakin mota yaron ya durƙusa, Malam Mudi ya ce wa ƙofar motar, "Allah ya yi albarka."

Ranar Litinin ya riga kowa zuwa. Da Manaja ya shigo ya tarar da kwamfutar a kan tebur, murfi a buɗe, gwangwanin mai a gefenta, Malam Mudi a tsaye da hularsa ta zuwa masallaci. Ya faɗi abin da ya yi tun daga kukan fanka har tartsatsi, bai rage ba. Manaja Dikko ya riƙe baki yana jinjina kai, wai shi abin ya dame shi, alhali murna har kunnensa. Kafin azahar ya tara kwamiti. Dattawan da suka tsaya masa a da suka yi ta duban ƙasa. Ɗayansu ya ce a duba shekarun da ya yi, Manaja ya ce masu tallafi ba shekaru za su tambaya ba, injinsu za su tambaya. Aka ce ya je ya huta. Mutumin da bai taɓa ɓatar wa ƙungiya ko allurar takarda ba, haka aka sallame shi, ba ko na gode.

Sauran rayuwarsa ba doguwar magana ba ce. Ya sami tsohuwar tafireta a wurin wani ɗan gwanjo, ya kafa tebur a gindin dalbejiya kusa da tasha yana buga wa mutane takardu. Wata rana a samu, wata rana a dawo haka. Suka bar gidan mai ɗaki biyu suka koma mai ɗaki ɗaya. Bai taɓa cewa ya yi nadama ba, bai kuma taɓa cewa bai yi ba.

A ranar Litinin ɗin da aka sallame shi dai, ya dawo gida da rana tsaka, lokacin da bai saba dawowa ba. Hasana na tankaɗe a tsakar gida. Ta dube shi, ta dubi hannunsa da ba jaka, ta gane. Ta kawo masa ruwa, ya zauna a bakin ƙofa ya sha. Tun ranar Asabar ba ta tambaye shi komai ba, shi ma bai faɗa ba. Ta koma kan rariyarta, ta daɗe tana kaɗawa, sannan ta ce, "Mutanen Kwana suna lafiya?"

"Lafiya lau." Ya juya kofin a hannunsa. "Sai dai ya ji ciwo kwanan nan, ina jin a wajen aikin ne. Akwai tabo a nan, saman girarsa ta hagu, dogo haka."

Rariyar ta tsaya a hannun Hasana. Ba ta ɗago ba.

"Malam," ta ce a hankali, "ai wannan saniya ce ta harbe shi a Kiru. Tun kafin a yi masa kaciya yake da shi."